Ranar da Twila Ta Kira Mijinta

Matar yayana, Twila Rasmussen, Allah ya yi mata murya. Ba muryar waƙa nake nufi ba, don ko ita ba ta taɓa yi wa kanta wannan ƙaryar ba. Murya ce wadda in ta sake ta daga ƙofar kicin sai ta ratsa gonar masara, ta haye rafi, ta je ta tarar da mutum a kan tarakta inji na ruri, ya ji kamar a bayan kunnensa aka yi magana. Sunana Eldon, ni ne autan gidanmu, kuma tun ina saurayi nake cin abinci a teburinta har yau da furfura ta cinye kaina. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

An haife ta a wata 'yar gona can bayan ƙauyenmu na Vesper, a tsakiyar Amurka, inda in ka tsaya ka waiga ko'ina ba abin da za ka gani sai masara da sama. Mahaifinta makiyayin shanun madara ne, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yansa. Mahaifiyarta takan ce ranar da aka haifi Twila ba a aika wa kowa ba, amma kafin a gama yi mata wanka maƙwabta sun iso da kwanukan abinci, don sun ji kukan tun daga gidajensu.

Abin da ya zama abin dariya a gida, a waje sai ya zame mata abin kunya. A makaranta malama ta mayar da ita kujerar baya. A coci kuwa, tana 'yar yarinya ta shiga cikin mawaƙa da ɗokinta, sai matar da ke koyar da su ta ja ta gefe ta dafa kafaɗarta ta ce, "Twila 'yata, ke ki riƙa motsa leɓe kawai. Ubangiji yana jin abin da ke cikin zuciya."

Daga ranar ta naɗe muryarta ta ajiye. Ta girma ta zama doguwa mai faɗin kafaɗa, mai ɗaukar buhun dusa a hannu ɗaya, amma in tana magana da mutane sai ka matso ka karkata kunne. Mutanen gari suka ɗauka kunya ce ta yi mata yawa. Shanun ubanta kaɗai suka san gaskiya.

A wurinmu shekara kashi biyu ce, kafin bikin baje koli da bayansa. Da watan Agusta ya kama, jihar gaba ɗaya sai ta kwashe ta nufi babban filin da ke gefen birni, kowa da abin da ya fi alfahari da shi. Mai saniya ya wanke ta da sabulu ya taje mata jela, mai kabewa ya ɗoro ta a bayan a-kori-kura ya lulluɓe da bargo kamar mara lafiya, tsofaffin mata su zo da kek da zuma da barguna ɗinkin hannu. Wanda ya zo na ɗaya a maƙala masa shuɗin ƙyalle, ya kai gida ya rataye a falo, jikoki su gada. Kowane gida yana da wurin kafa tantinsa a kan tudun da ke bayan fili, wurin da kakanni suka kafa nasu. Namu yana ƙarƙashin wata babbar bishiya kusa da famfo.

A can yayana Harlan ya haɗu da ita. Bai daɗe da dawowa daga soja ba, ƙarar igwa ta tafi da kunnensa na hagu gaba ɗaya, ta taɓa na dama. Mutum ne mai son hira a da, amma ya gaji da cewa "Na'am? Me kika ce?", 'yan mata ma suka gaji da maimaitawa, sai ya koma zaman shiru. A shekarar mun kai bijimai biyu, nasa da nawa, turkenmu yana maƙwabtaka da na gidan su Twila. Wata safiya karsanarta ta tsinke igiya ta nufi ƙofa da gudu, ga yara na wasa a bakin hanya. Twila ta manta da kanta.

"Tsaya nan, ja'ira!"

Karsana ta ja birki kamar ta ci karo da bango. Ba ita kaɗai ba, duk wanda ke cikin rumfar, mutum da dabba, ya tsaya cak. Wani mai tatsa ya ɓarar da madararsa. Twila ta rufe baki da hannu, fuskarta ta yi jawur, ta fara ba mutane haƙuri cikin raɗa. Sai ga Yaya Harlan ya ajiye bokitinsa ya nufo ta, baki har kunne.

"Baiwar Allah, sake faɗa."

Ta yi wata magana ƙasa-ƙasa, idonta a kan takalmi.

"A'a, kada ki koma wannan," in ji shi. "Tun da na dawo daga soja ban ji maganar mutum tas ba sai yau. Ki zage ni ma in kina so, in dai da waccan muryar ce."

Da damina ta zagayo aka ɗaura musu aure.

Ta tare a gonarmu, ni kuma na gina nawa gidan a tsallaken titi, amma ban taɓa rabuwa da teburinta ba, ko bayan na yi aure. Ita take ce mini Auta, ni ina ce mata matar Yaya, kullum muna cikin tsiya da juna. Da rana ta take, sai ta fito ƙofar kicin ta riƙe ƙugu ta ɗaga kai.

"Haaarlan! Abinci ya sauka!"

Ko yana can ƙarshen gona sai ka ji inji ya mutu. Ba shi kaɗai ke amsawa ba. Maƙwabcinmu tsoho Gunderson ya daina ɗaura agogo, matarsa kuma ta aiko wa Twila da kwalbar zuma, wai ta gode, ta huta da buga ƙararrawar kiran mijinta cin abinci. Amma duk wannan a cikin gona ne. Da mota ta shiga gari, sai Twila ta koma mai raɗa.

To, a cikin gasannin bikin akwai wadda ba a kai mata dabba ko kayan gona, sai maƙogwaro. Gasar kiran miji ke nan. A barandar wani tsohon zauren katako ake yin ta da yamma, jama'a su cika fili har kan ciyawa. Mata su hau ɗaya bayan ɗaya, wata da tsohuwar rigar girki, wata da muciya a hannu, kowacce ta ƙwala wa mijinta kira, ta haɗa masa da duk abin da ta ƙunsa a ciki tun bara. Mazan suna cikin taro suna dariyar yaƙe. Sarauniyar wannan fage a zamaninmu ita ce Bonita Krueger, wata gajeriyar mace mai jan gashi da jan baki, daga kudancin jiha. In ta hau sai ta karkace ta soma.

"Leeeroy! Fito daga inda ka maƙale, malalacin banza! Shanu ba ka tatsa ba, shinge ba ka gyara ba, amma cokali ka iya riƙewa!"

Mutane su yi ta faɗuwa da dariya, ta sauko da shuɗin ƙyallenta tana taku ɗai-ɗai.

Yaya Harlan ba ya ƙaunar ganin haka. Duk shekara in mun koma tanti sai ya yi ta mita. "Wannan kira ne? Ni fa ganin bakinta kawai nake yana motsi. Twila, ki hau sau ɗaya ki nuna musu." Ita kuma ta ce ya rufa mata asiri. Ya yi ta naci shekara da shekaru, har 'yarsu Marlys ta zama budurwa ta shigo cikin maganar, ni ma ina zuga daga gefe. Wata shekara dai Twila ta gaji ta ce to.

Ta hau baranda cikin rigarta ta zuwa coci. Ta kalli ƙasa ta ga fuskoki ba iyaka, duk sun zuba mata ido. Ta buɗe baki, abin da ya fito ko kyanwa ta fi shi ƙara.

"Harlan."

"Ƙara murya, Mama, ba ma ji!" wani ya faɗa daga baya, aka kwashe da dariya. Bonita tana gefe tana jiran layinta, ta ce da ta kusa da ita, yadda kowa zai ji, "Da wannan muryar ko kaza ba za ta zo cin tsaba ba."

Twila ta sauko ba ta kalli kowa ba, ta miƙe har tanti, ta jawo buhun dankali ta zauna ta yi ta fera, har ta fere wanda ba mu iya cinyewa ba. Ba wanda ya sake tayar da maganar gasa a gabanta. Bikin dai ba mu fasa zuwa ba, amma in hanya ta biyo da mu ta tsohon zauren sai ta kewaye ta bayan rumfar kaji.

Shekaru suka tafi. Marlys ta zama ma'aikaciyar jinya a birni, shanu suka ragu, gwiwoyinmu suka fara ƙara. Sai Yaya Harlan ya soma mantuwa. Da fari ƙananan abubuwa ne, ya bar inji a kunne ya shigo gida, ya nemi hular da ke kansa. Daga baya ya fara kiran Marlys da sunan mahaifiyarmu. Wata rana ya tare ni a bakin rumbu ya ce, "Auta, Baba ya dawo daga gona kuwa?" alhali Baba ya daɗe a ƙasa. Na ce masa bai dawo ba tukuna, na zagaya bayan rumbun na tsaya har idona ya bushe.

Twila ce ta ɗauki komai. Ita ke yi masa aski, ta ɗaura masa igiyar takalmi, ta zauna kusa da shi ta yi ta ba shi labarin shanun da suka mutu tun tuni, tana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya. Akwai ranakun da yakan kalle ta kamar baƙuwa, amma da ta yi magana sai fuskarsa ta saki.

Da Agusta ya matso a shekarar da nake son ba da labarinta, Marlys ta zo gida musamman.

"Mama, don Allah kada ki kai shi bana. Kin san yawan mutanen nan. Ga zafi. In ya ɓace fa?"

"Tun yana goye ake kai shi," in ji Twila. "Ba a kaina za a fara barin sa a gida ba."

"Ai bai ma san an yi Agusta ba."

"Hancinsa zai sani."

Marlys ta juyo gare ni. "Baffa, ka yi mata magana mana."

Na ce, "Ni? Tun kafin a haife ki nake yi mata magana, ban taɓa cin nasara ba. Ki ɗauki hutu kawai ki biyo mu."

Gaskiyar Twila ce kuwa. Muna shiga ƙofar fili, ƙamshin harawa da soyayyar albasa da gasasshiyar masara ya buge mu, sai Yaya ya miƙe zaune a cikin mota yana waige-waige. A rumfar shanu ya yi ta shafa bayan dabbobi yana faɗin wacce za ta yi madara, wacce ba ta da ƙugu. Ya ce wa wani mai bijimi ƙafar dabbarsa ta baya ta karkace, mutumin ya ji haushi, Twila kuwa ta juya baya tana murmushi. Kwanakin farko suka wuce lami lafiya.

Ranar da abin ya faru an yi zafi irin wanda kwalta ke manne wa takalmi. Da tsakar rana muna tsaye mu duka muna kallon masu sausayar tumaki, Twila na riƙe da hannun rigar Yaya. Sai ga 'yan badujala sun biyo ta hanyar, ganguna da ƙahoni, bayansu manyan dawakan jan keke, jama'a suka turo kamar ruwa ya ɓalle. Aka matse mu, aka raba mu, kowa na ƙoƙarin kare ƙafarsa. Da taron ya wuce muka haɗu mu uku. Babu Harlan.

Muka rarrabu. Na bi rumfunan shanu turke-turke, Marlys ta ruga wurin 'yan sanda, Twila ta koma tanti ko ƙafarsa ta kai shi can. Ba shi. Aka yi ta shela a lasifika, ana cewa ana neman wani dattijo mai shuɗiyar riga da hular kaba. Na dubi filin na ga rabin dattawan jihar shuɗiyar riga da hular kaba suka sa. Lasifikar kuma ko mai lafiyayyen kunne da ƙyar yake tsintar abin da take cewa, balle Yaya. Ga babban titi a bayan ƙofar arewa, motoci na gudu. Ga shi bai sha ruwa ba tun safe.

Rana ta karkata ba labari. Marlys ta kasa daurewa, ta fashe da kuka a tsakiyar hanya. "Na faɗa miki, Mama! Sai da na faɗa miki!"

Twila ta wuce gaba. Gumi ya jiƙa mata riga, leɓunanta sun bushe, tana ta tafiya tana leƙa fuskar duk tsohon da ta gani. Ba mu lura da inda ƙafa ta kai mu ba sai da muka ji shewa da tafi. A gaban tsohon zauren katako muke, gasar kiran miji ta kankama.

Twila ta tsaya. Ta dubi barandar, ta dubi filin da ya shimfiɗu a ƙasa, rumfuna da tantuna da babban lilon ƙarfe mai kujeru, wanda ke ɗaga mutane sama, yana juyawa can nesa. Sai ta miƙa mini jakarta.

"Riƙe, Auta."

Ta kutsa cikin mutane, ba ta ce wa kowa gafara ba, ta hau matakala. Mai gabatarwa, wani ɗan gaye da hular kaba sabuwa, ya tare ta da murmushi. "Mama, sannu. An rubuta sunanki kuwa? Sai kin bi layi."

"Mijina ne ya ɓata," in ji ta.

Wadda ke gaban makirufo a lokacin Bonita Krueger ce. Ta tsufa ita ma, jan gashin ya koma na rini, tana dogara sanda, amma bakin yana nan. Ta juyo za ta yi tsiya, sai ta ga fuskar Twila. Ban san ko ta tuna ta ba. Ta dai kalle ta sosai, sannan ta ɗaga sandarta ta maka a kan katako.

"Ku yi mana shiru! Ba wasa ba ne wannan!" Ta ja da baya ta tura mata makirufo. "Zo, 'yar'uwa. Kira shi."

Twila ta sa hannu ta kawar da makirufon gefe. Ba ta kalli mutanen da ke ƙasa ba ko sau ɗaya. Ta ɗaga kai sama da su, ta riƙe ƙugu, ta ja numfashi har na ga kafaɗunta sun buɗe.

"Haaaaarlan! Abinci ya sauka!"

Na saba jin kiran nan a fili, inda masara ke shanye rabinsa. Ban taɓa jin sa a tsakanin gine-gine ba. Tantabarun da ke rufin zauren suka tashi gaba ɗaya. Wata mata a gaba ta toshe kunnen jaririnta. Can a rumfar shanu aka amsa da kuka, zakaru suka ɗauka, wani mai busa ƙaho da ke gwaji a bayan zaure ya yanke a tsakiya. Daga nan sai wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai kiɗan lilo daga nesa.

Muka jira. Kowa na waige-waige. Ba kowa.

Marlys ta kama hannuna ta matse. Twila ta share baki da bayan hannu, ta juya ta fuskanci gangaren yamma, ta sake saki, wannan karon har da ƙari.

"Haaaaarlan Rasmussen! Ka taho kafin ya huce, ba zan sake ɗumamawa ba!"

Wani yaro da ke kan kafaɗar ubansa ne ya fara nunawa. Can gangare, wajen rumfar da ake baje tsofaffin injinan noma, mutane sun fara darewa gefe biyu. A tsakiyarsu ga wani dogon tsoho yana tahowa, ba sauri ba nawa, hula a karkace, hannuwansa baƙi ƙirin da man inji har gwiwar hannu. Bayansa wani mai gemu yana biye da shi da sauri. Yaya ne. Ya hauro tudun nan, jama'a na buɗe masa hanya, har ya iso gindin baranda ya ɗaga kai, fuska a murtuke.

"Na ji, Twila, na ji! Sai kin tara mini jama'a? Bari in wanke hannu mana."

Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Huluna suka tashi sama. Mata na kuka suna dariya, wani ƙaton makiyayi kusa da ni, wanda ban san shi ba, ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara. Twila ta sauko, ta kama hannun nan mai baƙin mai da hannu biyu ta riƙe.

Mai gemun ya yi mana bayani yana haki. Ashe tun rana Yaya ya shigo rumfarsu, ya tarar suna fama da wata tsohuwar tarakta da ta ƙi tashi, ya naɗe hannun riga ya karɓi sifana. Sun ɗauka ɗaya daga cikin masu injinan ne, har sun ba shi ruwa da burodi. "Muna cikin aiki," in ji shi, "sai muka ji wannan abu kamar aradu. Ya ajiye sifana ya ce, 'Matata ce, sai na dawo,' ya fice."

A kan baranda kuwa alƙalan gasa sun haɗa kai suna ƙus-ƙus, wai ai ba ta cikin waɗanda suka shiga. Bonita ta dogara sandarta ta je ta tsaya a kansu, ta jawo makirufo.

"Ku saurara, 'yan nan. Tun kafin a yaye ku nake hawa barandar nan ina kiran Leroy, ko sau ɗaya bai taɓa zuwa ba. Yau ga mace ta kira nata ya zo a gaban idonku. Me kuke tattaunawa?"

Daga cikin taro wata siririyar murya ta ce, "In na zo ai duka zan sha!" Leroy ne, ashe duk shekarun nan yana nan a layin baya. Aka sake kwashewa da dariya, alƙalai suka ɗaga hannu suka sallama. Bonita da kanta ta maƙala wa Twila shuɗin ƙyalle a ƙirji, sai da ta yi ɗage kafin ta kai.

Saura abinci, tunda an yi wa mutum alkawari. Kafin mu motsa masu rumfunan abinci sun fara aikowa, gasasshiyar masara tana ɗigar man shanu, nama a tsinke, ruwan lemun tsami da ƙanƙara. Muka zaunar da Yaya a kan dami na harawa, Marlys ta durƙusa tana goge masa hannu tana kuka tana dariya. Ya ci ya ƙoshi, sannan ya karkato wurin Twila ya ce, a ganinsa a asirce, "Yau gishiri ya yi yawa a girkinki."

Daga ranar Twila ba ta ƙara yin raɗa ba. A kanti, a asibiti, a taron gari, da muryar da Allah ya ba ta take magana, wanda bai so ba ya matsa baya. Yaya Harlan ya ƙara ganin biki har sau biyu, tana tura shi a keken marasa lafiya, kuma duk lokacin ta shiga gasar da sunanta a rubuce. Ta ci ɗaya, Bonita ta ƙwace ɗaya, suka yi ta musu a kan haka har a waya. Yaya ya rasu cikin hunturu, a kan gadonsa, dusar ƙanƙara na sauka a waje, tana zaune a gefensa tana ba shi labarin shanu. Bayan haka ta ce ta gama kira. Masu shirya biki suka roƙe ta ta zauna a kujerar alƙalai, ta karɓa, kuma an ce ba a taɓa yin alƙali mai tsanani kamarta ba.

Leroy ma ya bi bayan Yaya ba da daɗewa ba, sai Bonita ta tattaro tantinta ta dawo kusa da namu. Yanzu kullum tare suke, doguwa da gajeriya, suna zagaya rumfuna suna kushe kek ɗin mutane. A bikin bara suka tashi da wata sabuwa, wai sai sun hau babban lilon ƙarfe, abin da ko a ƙuruciya ba su yi ba. Marlys ta yi magiya, na yi, mai kula da lilon ma ya tambaye su ko sun tabbata. Bonita ta nuna shi da sanda, ya buɗe musu ƙofa. Twila ta miƙa mini masararta da ta fara ci ta ce in riƙe mata.

Na tsaya a ƙasa ina kallo kujerarsu na hawa, tana ƙanƙancewa, har ta kai can ƙoli ta tsaya tana reto. Masarar na hannuna da zafinta, man na bin yatsuna. Na duba hagu, na duba dama, na kai ta baki.

"Autaaa! Ina ganin ka!"

Rabin filin ya juyo yana neman wane ne Auta. Na ɗaga masarar sama don kowa ya shaida ƙwaya kaɗan na ɗanɗana, daga can sama kuma ina jiyo tsofaffin nan biyu suna ƙyaƙyata dariya.